Jakin Baba Jang da Masu Dariyar Belbeji

Jama'ar Belbeji, yau labarin wani tsoho na ƙasar Sin na kawo muku, kuma na san halinku sarai. Kafin in kai rabi wani zai dire kofin shayi ya ce, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah mana!" Ba komai, ku dai bari in kai aya, sannan a yi shari'a.

Sunan tsohon Zhang Guolao. Don kada harshen kowa ya karye, mu ce masa Baba Jang. Yana cikin mutum takwas da mabiya addinin Tao suke cewa sun gagari mutuwa, waɗanda har gobe ake zana su a jikin tangaran da bangon wuraren ibada a can. Kowanensu da abin da aka san shi da shi. Akwai gurgu mai sandar ƙarfe da gora, akwai mai takobi, akwai mai sarewa, akwai mace guda mai riƙe da furen bado. Shi kuwa Baba Jang jaki ne nasa, shi ya sa na zaɓo muku shi, don in dai maganar jaki ce ba a yi wa mutumin Damargu burga.

Jakin fari ne tas, kuma wai tafiyar da ayari zai yi wata da watanni yana yi, shi a yini guda yake cinye ta. Wannan ma ƙaramin abu ne. Idan Baba Jang ya isa masauki ba ya neman turke, ba ya neman dabaibayi, ba ya cigiyar mai harawa. Sai ya kama jakin ya ninke shi kamar takarda, ya jefa a ɗan akwatinsa. Gari na wayewa ya guntsi ruwa ya fesa wa takardar, jaki ya miƙe ya karkaɗe kunne. Sannan ya haye a juye, fuskarsa na kallon wutsiya, jaki ya nufi gabas shi yana duban yamma.

Na ji ka, dillalin jakai. Ka ce kai da ka tsufa a kasuwar bisashe, jakin da ka sani ko kunnensa ka lanƙwasa sai ya sakar maka harbi, balle a ninke shi gida huɗu. Gaskiyarka. Amma tsakaninka da Allah, in da za a kawo irinsa ranar kasuwa, nawa za ka taya? Jakin da ba ya cin tsaba, ba ya kuka cikin dare ya tashi unguwa, ɓarawo ba ya kwance shi, ba ya kuma faɗawa gonar mutane da damina a kai ka gaban sarki biyan ɓarna. In rani ya tsananta a Tarka, damin ciyawa ya fi ƙarfin aljihu, sai ka ninke abinka ka tura ƙarƙashin matashi har ruwa ya sauka. Ni dai na ce duk wanda ya ƙago labarin nan ya taɓa yankan ciyawa da hannunsa.

Ga Mushe na lakwal can ya gyara tabarau, ya ce tatsuniya ce, a rufe ta da ƙurunƙus kowa ya kama gabansa. Sannu Mushe. Jakin tatsuniya ne, littattafan hikaya na ƙarni na 9 da na 10 ne suka zo da shi, hawan a juye ma sai daga baya aka ƙara. To mai jakin fa? Sunansa na nan cikin kundin tarihin daular Tang da aka kammala a shekarar 945, kuma malaman fada ne suka rubuta shi, ba ƴan tashe ba. Sun ce a duwatsun Hengzhou yake zaune, can arewacin ƙasar, ana cewa shekarunsa ɗaruruwa ne. Shi da bakinsa ya ce an haife shi tun zamanin Sarki Yao, alhali tsakaninsu kusan shekara 3000 ce, a ido kuwa bai wuce ɗan sittin ko saba'in ba. Kada kowa ya yi dariya a nan. Mu ne fa masu takardar haihuwa da aka rubuta "wajen shekara kaza". Bambancin kawai shi ƙara wa kansa ya yi, ma'aikatanmu kuwa ragewa suke in ritaya ta matso.

Sarauniya Wu Zetian, mace ɗaya tilo da ta taɓa hawa gadon sarautar Sin da sunan kanta, daga 690 zuwa 705, ta aika a zo mata da shi. Baba Jang ba ya son zaman fada, sai kawai ya faɗi ya mutu. Ƴan aike suka koma suka ce tsoho ya cika. Ba a jima ba aka gan shi yana yawonsa cikin duwatsu. Ku faɗi gaskiya, in mai bin bashi ya yi sallama, mutum nawa ne a cikinku suke raɗa wa yaro ya ce ba sa nan? Shi dai ya fi ku iya aikin ne.

Wajen shekarar 733 Sarki Xuanzong ya sake aikawa. Ɗan aike na farko ya sha irin wancan wasan, tsoho ya ɗauke numfashi a gabansa, sai da ya yi ta magiya sannan ya farfaɗo. Aka tura wani da wasiƙa mai hatimin sarki, a nan ne ya yarda aka ɗauko shi zuwa birnin Luoyang. To shi ma sarkin ɗan gidanku ne, sai ya gani yake yarda. Ya kira wani gwanin lissafin ajali, wanda in ya dubi mutum yake faɗin tsawon kwanansa, lissafi ya ƙi fita. Ya kira wani mai ganin aljannu, aka zaunar da tsohon a gabansa, ya ce shi bai ga kowa ba. Sai sarki ya sa aka ba shi ruwan wani tsiro mai dafi da sunan giya. Baba Jang ya shanye kofi uku, ya kushe ɗanɗanon, ya kwanta. Da ya farka haƙoransa sun ƙone sun yi baƙi ƙirin. Ya karɓi ƙarfe ya kakkarye su, ya shafa wani magani a dasashi, ya koma barci, ya tashi da sababbi farare fat. Baba mai goro, na ga ka shafa baki. Sai haƙuri, maganin ya tafi da mai shi.

Da sarki ya gamsu, sai ya ce zai ba shi auren ƙanwarsa, Gimbiya Yuzhen. Tsoho ya ƙyalƙyale da dariya ya ƙi. Dama tun kafin saƙon ya iso ya gaya wa wasu fadawa cewa auren ƴar sarki abin tsoro ne. Samarin fada, ku da kullum kuke kukan tsadar sadaki da akwati, ga mace an kawo har gida ba ko dala, mutum ya ce a kai kasuwa. Ko dai a nan sirrin tsawon ran yake? Hajiya, ajiye muciyar, ba ni na faɗa ba, Sinawa ne suka rubuta.

Daga ƙarshe ya roƙi a bar shi ya koma dutsensa. Sarki ya ba shi laƙabin girma da kyautar siliki, ya tafi, bai daɗe ba ya mutu. E, ya mutu. Babban malamin tarihinsu Sima Guang, wanda ya kammala littafinsa a 1084, haka ya rubuta ba kwana-kwana, ya kuma nuna cewa masu son abin al'ajabi ne suka kai wa sarki labarin wai saɓa ya yi, ya bar gangar jiki ya wuce. Kun ga ashe kuna da dangi a Sin tun kusan shekara dubu da suka wuce. Sai dai mutanen gari ba su saurari malam ba. Suka ce ai almajiransa sun buɗe akwatin gawa sun tarar wayam, daga nan labari ya yi fiffike.

Yanzu mu gwada wannan shakka taku a gida mu ga ko tana ci. Ku gangara kudu wajen Tasawa. A Yulin 1899 sojojinsu da kansu suka harbe Voulet da Chanoine, Faransawan nan biyu da suka ƙone Birnin Ƙonni da garuruwa bila adadin, aka binne su a Maijirgi. A 1923 wani jami'in mulkin mallaka, Robert Delavignette, ya sa aka tone kaburburan, aka tarar babu kowa, ga kuma jita-jita tana yawo wai Voulet bai mutu ba, yana can cikin Buzaye ya zama wani babba. Mushe, waɗannan fa mutanen da suka kawo maka lakwal ne. A Lugu kuma, Sarauniya Mangu da ta tare su Voulet a Afrilun 1899, ku tambaya yadda ta ƙare a bakin mutane. Za a ce muku ta shiga ɗaki ta rufe, da aka jima damisa ce ta fito ta shige daji. In an ba da wannan ba mai dire kofi, har ƙirji muke bugawa.

Mu dawo cikin gari. Kai da ka fi kowa dariya, ɗaga rigarka mu ga ƙugu. Wannan gurun na mene ne? Na ƙarfe, wuƙa ba ta kama ka. Na damtsen fa? Layar zana, in rigima ta tashi ka ɓace. Na aljihu kuma baduhu ne. Wato ƙato mai nauyin buhun gero zai iya zama iska saboda ƴar takarda da aka ninke aka ɗinke cikin fata, amma jaki ba zai iya zama takarda ba? Ai ku da Baba Jang sana'arku ɗaya, girman ninkin ne ya bambanta. In lokacin kokowar takobi ya zo kowa ya manne da rediyo da talabijin, ɗan kokowa ya shigo fili da layu har ba a ganin ƙirjinsa. In ya yi kaye a ce malaminsa ya iya aiki, in an kayar da shi a ce an karya masa asiri. Ita laya ba ta taɓa faɗuwa, mai ita ne kullum yake shan ƙasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Liman ya yi gyaran murya, na san inda zai dosa, kuma ina tare da shi. Kada wani ya tashi daga nan ya ce na haɗa tsohon Sin da bayin Allah. Allah ya kiyaye. Amma tambayar ko akwai ɗan Adam da aka jinkirta wa ajali ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu. Duk wanda ake kira Halliru a garin nan sunan bawan Allahn nan ya ci, wanda Annabi Musa (AS) ya bi don neman ilimi, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Imamu Nawawi ya ce mafi yawan malamai suna ganin yana raye, musamman ma'abota ɗariƙa. Ibnul Jauzi da wasu manyan malaman hadisi suka ce ya rasu, daga cikin hujjojinsu akwai hadisin da ya nuna ba wanda ke bayan ƙasa a daren da aka faɗi hadisin da zai wuce shekara ɗari. Ibnu Hajar ya rubuta littafi sukutum a kan saɓanin. Ɗariƙar Sanusiyya ma, wadda Kawsan ɗan Damargu ya shiga kafin ya kewaye Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, silsilarta ta bi ta kan Shehu Ahmad bin Idris har zuwa Shehu Abdul'aziz Dabbag na Fas, wanda aka ce daga Halliru ya karɓi wuridi. Wannan fagen malamai ne, na bar musu. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda: in ma akwai jinkirin, baiwa ce daga Allah, ƙarshensa mutuwa ne, kuma ba a dafa shi a tukunya.

A nan ne sarakunan Sin suka yi ɓatan kai, don su sun ɗauka ana dafawa. Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tura wani boka mai suna Xu Fu cikin teku da jiragen ruwa da dubban yara maza da mata, ya nemo tsibirin marasa mutuwa ya karɓo magani. Xu Fu ya ci dukiyar, a tafiyar ƙarshe ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Sarkin ya mutu a shekara ta 210 yana ɗan shekara 49, a kan hanya, cikin tsananin zafi. Fadawa suka ɓoye mutuwar, suka loda kifin gishiri a amalanke kusa da gawar don kada wari ya tona asiri. Mai neman dawwama ke nan.

Na bayansa ba su ɗauki darasi ba. Masu haɗa magani suka yi ta narka zaiba da dalma da zinariya da farar wuta, bisa tunanin cewa abin da ba ya ruɓewa in ya shiga jiki zai hana jiki ruɓewa. Zaiba kuwa guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, mai shan ta ya riƙa karkarwa da zafin rai. A daular Tang kaɗai masana tarihinsu sun lissafa sarakuna biyar zuwa shida da irin wannan magani ya taimaka wajen kai su kushewa. Muzong ya tafi a 824 bai cika talatin ba, Wuzong ya bi shi a 846 bai daɗe da haura talatin ba. Garin neman ƙiba aka samo rama. Abin da ya fito daga tukwanen nan ya daɗe a duniya shi ne albarushi, wanda aka yi tuntuɓe da shi wajen ƙarni na 9, ya zaga ƙasashe har ya iso igwogin Sarki Tanimun a Damagaram. An shiga neman maganin mutuwa, an fito da abin kisa.

Kuna cewa to mu ina ruwanmu, can su ƙarata? Dillali, matso kusa, wannan taka ce. Ka tuna shekarun da fatake suka yi ta kwasar jakai suna yin kudu da su, ba sa ko duba haƙori, gurgu da mai ido ɗaya duk a saya? Ba noma za a yi da su ba, fatar ake so. A gundumar Dong'e ta lardin Shandong, lardin da aka ce daga gaɓarsa su Baba Jang su takwas suka ƙetare teku, ana dafa fatar jaki har ta zama danƙo, sunansa ejiao. Ana shan sa don ƙarin jini da gyaran fata da jinkirta tsufa. Jakan Sin suka ragu daga kusan miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan 3, sai aka waiwayo Afirka. A 2015 jakai 27,000 aka fitar daga Nijar. A 2016, tun shekara ba ta ƙare ba, an fitar da 80,000, farashi ya ninka fiye da sau uku, sai da gwamnati ta hana fitar da su a watan Satumba. A Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta haramta yanka jaki don fatarsa a nahiyar baki ɗaya.

Kun gani? Kuna nan kuna yi wa Sinawa dariya, ga su a bakin ƙofarku. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Damagaram zuwa Tanut su suka gina ta, aka buɗe a Nuwamban 2011. Babur ɗin ɗan kabu-kabu nasu ne, wayar da ke aljihunku tasu ce, tsoron tsufansu kuma ya tako har turkenku ya kwance jaki. Wanda ya sayar ya ƙirga jikkuna ya yi kwana biyu yana fara'a. Da rani ya zo, wa ya ja wasaki a rijiyoyin nan namu masu zurfin tsiya? Wa ya ɗauko jarkoki da itace? Matar gida ce da yara, har da yarinyar da ya kamata a ce tana aji. Sinawa suna cewa Baba Jang yana hawa a juye ne don ya riƙa duban abin da ya wuce ya ɗauki darasi. Mu ma muna cewa waiwaye adon tafiya, sai dai a baki muka fi iya shi.

Saura tukunyarmu ta gida. Ranar kasuwa ku dubi mai tallan magani, da tire a ka ko lasifika a kan babur. Ƙwaya ɗaya tana maganin basir da shawara da ciwon baya da sanyin ƙashi, ta kuma mayar da tsoho ango. Ba wanda yake ce masa ya ji tsoron Allah, layi ma ake yi. Ga tramol, wanda asalinsa maganin ciwo mai tsanani ne da likita ke rubutawa, ya zama karin kumallon wasu ƴan kabu-kabu da ƴan ƙwadago da masu haƙar zinariya, wai don kada a gaji. Daga nan mutum ya kasa rabuwa da shi, sai faɗuwa da jijjiga, wani ma sai dai gawa. Sarakunan Tang ko ba komai a fada suka sha tasu gubar, suna neman shekara dubu. Namu yaran a leda suke saye, don aikin yini ɗaya.

To jama'a, ga hukunci. Baba Jang ya mutu, Qin Shi Huang ya mutu, Voulet ya mutu, ni da ku ma muna kan hanya, mutuwa rigar kowa. A kan wannan ba mu da gardama da ku. Roƙona ɗaya ne: taurin kan da kuka nuna wa tsohon da bai ci muku ko dala ba, ku tafi da shi kasuwa. Ku nuna shi ga mai lasifika, da mai sayar da guru, da baƙon da ya taya jakinku kuɗin da ya wuce hankali. Wanda jikinsa ya ƙi daɗi ya nufi asibiti, wanda yake da jaki ya riƙe abinsa. Allah ya ba mu tsawon rai mai albarka, ya sa mu cika da imani.